Debimetir na mota: yadda za ka gane ko shi ke da laifi, da yadda ake gyara shi

Salamu alaikum jama'a, masu motoci da direbobi da yaran gareji. Duk shekara in hunturu ya sauka hazo ya rufe Maradi, sai ka ga gareji sun cika da motoci masu ciwo iri guda: mota ta yi nauyi, ka taka totur sai ta yi jim kafin ta amsa, tana shan isansi fiye da yadda ka saba, ralanti na hawa yana sauka, wani lokaci kana tsayawa a mararraba sai ta mutu, ga fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama a tabulo. Kana kai ta gareji abin da za ka fara ji shi ne "Alhaji debimetir ne, sai an canja." Debimetir shi ne ma'aunin iskar da inji ke ja. To wani lokaci da gaskiyarsu, amma sau da yawa abin nan lafiyarshi lau, ko dai ƙura ce ta rufe shi ko kuma iska ce ke satar hanya tana shiga ta bayanshi, ga shi sabo na asali ba araha gare shi ba. Shi ya sa na ce bari in kawo yadda ake bin abin daki-daki, daga wanda ba ya cin ko dala har zuwa sayen sabo, in ta kama a saya ɗin.

Mene ne shi, kuma ina yake

Buɗe kapo ka biɗi akwatin filtar iska, sannan ka bi babban tiyon nan baƙi da ya fita daga akwatin ya nufi inji. A bakin akwatin ko ɗan gaba kaɗan za ka ga wani abu na roba an ɗaure shi da sukuru biyu, da fish mai waya huɗu ko biyar, wasu ma shida. Shi ke nan. A takardun mota da cikin na'urar gwaji za ka ga an rubuta MAF.

Aikinshi guda ne, auna nauyin iskar da inji ke ja ya faɗa ma kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira kalkilatar, ita kuma ta ba da isansi daidai da iskar. Injin isansi yana son kusan giram 14.7 na iska ga giram 1 na mai. A cikinshi akwai wata ƴar waya siririya sosai, galibi ta platinum, ko kuma wani ɗan falle, lantarki ke zafafa ta kullum tana sama da zafin iskar da ke shigowa. Kamar dai mai hura kunu ne, gwargwadon hurawa gwargwadon hucewa, in iska ta yi yawa wayar sai ta nemi hucewa, sai a ƙara mata wuta don ta tsaya a zafinta, wannan ƙarin wutar shi ne ma'aunin. To in ƙura da tururin mai suka manne ma wayar iska ba ta taɓa ta yadda ya kamata, sai abin ya riƙa faɗin iska kaɗan alhali mai yawa ce ta wuce, kwamfuta ta rage mai, inji ya shiga yunwa musamman in ka taka ko kana da lodi. In ka riƙe wannan duk gwajin da zai biyo baya zai yi maka ma'ana.

Kafin komai ka tabbata motarka ma tana da shi. Carina E da tsohuwar Corolla mai injin 4A-FE, Peugeot 406 ta isansi da tsofaffin Honda da yawa ba su da debimetir, wani ƙaramin abu gare su mai auna matsin iska a jikin kolektar, wato bututun da ke raba ma silinda iska, ana ce mashi MAP. Tsohuwar Hilux mai injin 3L ko 5L mai famfon gazuwal na ƙarfe ita ma babu. Amma galibin Toyota masu VVT-i, Corolla, Camry, RAV4, Highlander, da Golf da Passat da Nissan da Marsandi da yawa na bayan nan suna da shi.

Matakin farko: ido da hannu

Kashe inji, cire makulli. Buɗe akwatin filta ka fito da ita ka ɗaga ta wajen rana. Abu uku kake dubawa: ta toshe, ta yage, ko robar gefenta ta lanƙwashe ba ta zama daidai. Sannan sa yatsa ka shafa cikin murfin akwatin, wato ɓangaren da iska ke bi bayan ta wuce filta, ka shafa cikin tiyon ma. Wajen nan ya kamata ya zama fes. In yatsanka ya fito da jar ƙura to ƙasa na wucewa, kuma duk ƙasar da ta wuce nan ta bi ta kan wayar debimetir kafin ta shiga inji. Motocin da ke bin hanyoyin ƙauye ranakun kasuwa su suka fi samun wannan.

Nan zan ɗan tsaya a kan wata al'ada tamu, ta kai filta wurin mai faci ya busa ta da kwampareso. Na san tsadar rayuwa ce ke sa haka, amma iskar nan mai ƙarfi tana buɗa ƙofofin takardar, ido ba ya gani, filta ta fito tas kamar an yi aiki alhali yanzu ne ƙura mai laushi za ta riƙa wucewa. In dole ne ka kakkaɓe ta a hankali da hannu, in ta yi baƙi ka canja kawai, kuɗin filta bai kai kusa da na debimetir ba balle na segiman. Haka ƙugiyoyin murfin akwatin, da yawa za ka tarar ɗaya ta karye an ɗaure da waya ko roba, murfin bai danne filta ba, wannan ma hanyar ƙasa ce.

Daga nan sai babban tiyon. Kada ka tsaya kallo daga sama, kama shi ka lanƙwasa ka buɗa ninkin nan nashi ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa ƙasanshi da tocila, don zafin garin nan yana busar da roba kuma tsagewar a cikin ninki take ɓuya, galibi ta ƙasa. In inji ya girgiza lokacin tashi tsagewar ta buɗe, iska ta shiga ba tare da an auna ta ba, mota ta yi tari, in ya lafa ta rufe, shi ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya. Duba zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyon biyu, duba ƙananan tiyo da ke manne a jikinshi da na jikin kolektar, har da wanda ya tafi wajen birki. Tada inji ka saurara ko za ka ji tsiii. Wasu makanikai suna fesa isansi a kan tiyo don su ji ko ralanti zai canja, ni dai ban ba ka wannan shawara ba, ga inji da zafi ga wayoyin buji, ruwa da ɗan sabulu a gorar fesawa ya isa.

Sai fish ɗin kanshi. Danna ƴar maƙallar ka zare, kada ka ja ta waya. Duba ƙafafun ko sun yi kore, ko ɗaya ta lanƙwashe ko ta nutse ciki. Bi wayoyin da hannu gwargwadon inda ka iya kaiwa, in motar na kwana kusa da sito ko inda ake ajiye gero da gyaɗa ka duba sosai, ɓeraye na son ɗumin inji kuma suna cin rigar waya. In an taɓa wanke inji da famfo mai ƙarfi kwanan nan ciwon ya fara, to ruwa ne a fish, busar da shi.

Mataki na biyu: a karanta lambar laifi

Motocin da aka yi ma Amurka tun 1996 suna da soket ɗin gwaji mai ƙafa 16 da ake kira OBD2, na Turai kuwa masu isansi daga 2001, masu gazuwal daga wajen 2004. Yana ƙarƙashin sitiyari galibi. Ko ka kai wa mai na'urar diyagnostik, ko ka sayi ɗan ƙaramin ELM327 da ke haɗuwa da wayar salula ta Bluetooth ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner, don wannan aikin ya wadatar.

Lambobin da suka shafe shi daga P0100 zuwa P0104 ne. P0100 matsala ce a layin wutarshi gaba ɗaya, P0102 sigina ta yi ƙasa sosai, P0103 ta yi sama sosai, P0104 tana yankewa tana dawowa. Waɗannan huɗun hankalinka ya fara zuwa kan waya da fish da fiyus kafin abin kanshi. P0101 kuwa na nufin yana magana amma abin da yake faɗi bai yi daidai da buɗin totur da gudun inji ba, nan ne ake samun datti, tsagaggen tiyo, toshewar filta ko toshewar salansa. Sai P0171, iska ta fi mai yawa, da ƴar uwarta P0174 a injin V6, da P0172 in mai ne ya yi yawa. Debimetir mai datti sau da yawa P0171 kaɗai yake kawowa, ba ya ma ambatar sunanshi. In ka ga P0113 tare da P0102 kada ka firgita, yawanci alama ce wani ya cire fish inji na aiki ko kontak na buɗe, don ma'aunin zafin iska a cikin abin guda yake.

Abin da nake so ka kiyaye, lambar nan layi take nuna maka ba piyas ba. Mai na'urar da zai karanta P0101 ya rubuta maka "a sayo debimetir" ya goge lambar ya karɓi kuɗinshi rabin aiki ya yi. Ka ce mashi "malam don Allah shiga wajen da ake ganin lambobi inji na aiki mu gani." Kuma ka ɗauki hoton lambobin kafin a goge.

Mataki na uku: lambobin da inji ke bayarwa yana aiki

Nan ne ainihin aikin, saboda haka zan daɗe. Bari inji ya yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya, kashe kilim da fitilu, giya a firi. Zaɓi abu huɗu a allo: MAF a giram cikin daƙiƙa, wato g/s, gudun inji, da STFT da LTFT masu nuna gyaran mai, bayaninsu na nan gaba. In ya nuna maka lb/min je saiti ka maida shi g/s.

Fara da kontak a buɗe inji a kashe. Ba iskar da ke wucewa, ya kamata ya nuna kusan sifili, ƙasa da 1 dai. In yana nuna 3 ko 4 inji bai ma tashi ba abin ya ɓaci ko mas ɗinshi, wato wayar da ke haɗa shi da jikin mota, ba kyau. Tada inji. A ralanti ƙiyasin da ake bi shi ne giram ɗaya da ɗan wani abu ga kowace lita ta girman inji, kenan Corolla mai 1.8 za ta nuna wajen 2 zuwa 3, Camry mai 2.4 wajen 3 ko ɗan sama, V6 mai lita 3 wajen 3 zuwa 5. Taka a hankali har gudun inji ya kai 2500, lambar ta hau sumul ta ninka kamar sau uku zuwa huɗu, ba tsalle ba faɗuwa. Kana riƙe da totur wuri ɗaya lambar na rawa sama da ƙasa sosai, akwai magana. A nan ne kuma za ka girgiza wayoyin fish da hannu, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin abin da gindin sukudireba a hankali, in inji ya yi tari ko lambar ta yi tsalle ka kama ɓarawon.

STFT da LTFT kuwa su ne gyaran da kwamfuta ke yi ma mai bayan ta ji rahoton sansar salansa, wadda ake ce ma sond lamda, mai auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi. In lambar na da alamar ƙari, mai take ƙarawa don ta ga iska ta yi yawa, in alamar ragi ce rage mai take yi. Haɗa biyun. Tsakanin ragi 10 da ƙari 10 cikin ɗari ba laifi. Abin da za ka duba shi ne yadda suke canjawa tsakanin ralanti da gudu:

In a ralanti ƙarin ya kai 15 ko 20 amma kana taka zuwa 2500 sai ya sauko kusa da sifili, wannan iska ce ke shiga ta wata kafa, koma kan tiyo da gasket ɗin kolektar, debimetir ba ruwanshi. Dalili, a ralanti iskar da inji ke ja kaɗan ce, ƴar ɓarakar sai ta yi tasiri, in gudu ya ƙaru sai ta ɓace cikin yawa.

In kuma a ralanti lafiya lau ne ko ma ɗan ragi, amma gwargwadon takawa gwargwadon hawan ƙarin, wannan ita ce alamar debimetir mai datti. Sai dai famfon isansi da ya gaji ko filtar mai da ta toshe su ma haka suke yi, kuma mu da muke shan man kwalba na bakin hanya ba a raina wannan zargin. Abin da zai raba gardama shi ne gwajin hanya.

Ku fita ku biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da waya, kada ka haɗa biyun kai kaɗai. Ku sami wuri miƙaƙƙe a bayan gari inda ba jama'a ba dabbobi, a giya ta biyu a taka totur har ƙasa inji ya hau kusa da jan layi sannan a saki. Duba lambar da ta fi girma. Ƙiyasi shi ne ƙarfin dokin inji sau 0.8, injin 1.8 mai doki 125 zuwa 130 ya kamata ya kusanci 100 g/s. Lokacin bazara da zafi ke wuce digiri 40 iska ba ta da nauyi sosai, in ya ɗan gaza kaɗan ba komai. Amma in ya tsaya a 65 ko 70 to ko dai ƙarya yake yi ko kuma da gaske iskar ba ta wucewa. In ƙarya yake yi za ka ga sond lamda ta faɗi ƙasa lokacin takawar maimakon ta tsaya wajen volt 0.8 zuwa 0.9, don mai ya gaza. In sond ɗin na sama lafiya amma g/s ya gaza mota kuma ta ƙi gudu, ka zargi katalizar, wato tukunyar tace hayaƙi da ke layin salansa, ko ta toshe. In kuwa g/s ya kai inda ake so amma mai na gazawa, a sa agogon matsi a layin isansi, famfo ne ko anjektar.

Gwajin cire fish

Wanda ba shi da na'ura wannan yake yi, kuma ba laifi in an san iyakarshi. Kashe inji, zare fish, tada. Kwamfuta in ta rasa sigina sai ta koma kan wani lissafi na ajiya wanda ke ba da mai da ɗan yalwa. In mota ta warware ta fi daɗi to akwai zargi a kan debimetir. Amma lura, mota mai tsagaggen tiyo ita ma warwarewa take yi in ka cire fish, tunda yanzu ba a dogara da ma'aunin ba, to ka ga gwajin nan bai raba maka su ba. Wasu motocin kuma mutuwa suke yi nan take ko su ƙi wuce wani gudu, wannan ba ya nuna komai. Kuma don Allah kada a bar shi a cire a ci gaba da yawo kamar yadda wasu ƴan taksi ke yi, mai za ta sha, buji su yi baƙi, katalizar ta ƙone, a atomatik ma canjin giya na iya rikicewa.

Gwaji da miltimita

In lambar P0100, P0102 ko P0103 ce, nan za ka zo. A Toyota mai waya biyar akwai wuta mai volt 12, akwai mas, akwai sigina, sauran biyun na ma'aunin zafin iska ne. Jerinsu da launinsu na bambanta daga mota zuwa mota, ka biɗi zanen wayoyin motarka a intanet kada ka yi canki. Kontak a buɗe fish a cire, ka sami volt 12 a ƙafa ɗaya, in babu duba fiyus da rile na EFI, wato na wutar kwamfutar inji. Auna mas zuwa jikin inji, ya zama kusan sifili. Maida fish, soka allura siririya ta bayanshi gefen wayar sigina, kada ka huda rigar waya don nan ne tsatsa ke shiga daga baya. A ralanti Toyota na ba da wajen volt 1.1 zuwa 1.5, yana hawa in ka taka. Na Bosch irin HFM5 da ke cikin motocin Jamus da yawa, kontak a buɗe inji a kashe volt 1.0 yake bayarwa kusan cif, in ya kauce sosai ya gaji. Wasu na zamani da na motocin General Motors ba volt suke canjawa ba, bugun sigina ne, sai mita mai auna Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa. Kuma kada ka taɓa sa fitilar gwaji ko ka haɗa wuta kai tsaye a wayar sigina, kwamfuta za ka ƙona.

Wankewa

In gwaji ya nuna datti ne, ko ma dai kana shakka, wankewa ita ce ta gaba. Abin wankin shi ne inda ake ɓata aiki. Ana son feshin da aka yi don wannan, CRC da Liqui Moly duk suna yi. In ba ka samu ba, feshin wanke kayan lantarki wanda ba mai a ciki kuma yake bushewa tas, irin na masu gyaran salula da talabijin, ko alkol isopropil. Banda isansi, banda gazuwal, banda WD-40 don yana barin maiƙo ƙura ta zo ta manne fiye da da, banda feshin kafireto da na birki don suna cin roba da abin da aka shafe falle da shi.

Inji a kashe ya huce, makulli a aljihu. Zare fish, kwance sukurun biyu, ka danna sukudireba sosai don kansu saurin lalacewa gare shi, wasu kuma Torx ne mai ɗan tsinke a tsakiya. Jawo shi a miƙe kana ɗan murzawa, lura da zoben robar da ke wuyanshi kada ya faɗi. A na Toyota abin da za ka fara gani wani ɗan ɗigo ne mai ruwan zuma a gefe, mutane da yawa shi suke wankewa su maida su ce sun gama, alhali wannan ma'aunin zafin iska ne. Wayoyin da ake magana suna can cikin ramin, juya shi ka haska tocila ciki za ka ga ƴan wayoyi biyu ƙanana, masu tsabta suna ƙyalli, masu datti sun yi furfura ko baƙi. Riƙe shi a kan tsumma mai tsabta, fesa daga nisan kamar santimita 10, gajeren feshi sau 10 zuwa 15, ta gaba da ta baya, ruwan ya riƙa gangarowa waje. Kada bakin tsinken feshin ya taɓa waya, kada ka sa auduga ko burushi ko tsinken sakace, kada ka busa da kwampareso. Ajiye shi a inuwa inda ba ƙura minti 15 zuwa 20 ya bushe da kanshi, kada a haɗa wuta yana da danshi. Kafin nan goge cikin akwatin da tiyon da tsumma mai ɗan laima, sa sabuwar filta, in papiyon, wato ƴar ƙofar iska da totur ke buɗewa, ya yi baƙi shi ma a wanke shi da nashi feshin tun debimetir na waje.

Akwai irin da ba a fesa ma komai, na tsofaffin Mitsubishi kamar Pajero da tsohuwar Lexus LS400, wani tsari ne daban da ake kira Karman. Na tsofaffin motoci mai ƴar ƙofa da iska ke turawa shi ma ba wannan wankin ake yi mashi ba.

Wajen maidawa, in mai bututu ne duba kibiyar da ke jikinshi ta kalli inji. Ɗaure sukuru daidai kada ka fasa robar, tura fish har ka ji ƙas.

In sai an saya

Ka wanke, waya lafiya, tiyo lafiya, lambobi ba su gyaru ba, to yanzu ne ka tabbata. Tafi da tsohon a hannu ka haɗa lambar da ke jikinshi harafi da harafi, na Toyota na farawa da 22204 kuma Denso ke yin galibinsu, na Bosch na farawa da 0 280 ko 0 281. Biyu na iya kama da juna sak su shiga rami ɗaya amma lissafin cikinsu daban. Ra'ayina, tsohon na asali da aka ciro daga motar kas ya fi sabon jabu mai kwali mai ƙyalli, jabun nan mota za ta tashi amma ƙarin mai zai kauce, ka koma kana canja buji da famfo a banza. Ku yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya, za a ɗaura a gwada da na'ura, in bai yi ba ka maido. In kana da aboki mai irin motarka sak, ara nashi na minti goma shi ne gwajin da ya fi kowane sauƙi.

Masu gazuwal a taƙaice: a wurinsu abin ya fi shafar EGR, wato bawul ɗin da ke maida wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, da iyakar man da ake bayarwa don kada hayaƙi ya yi yawa, alamarshi mota ta rasa ƙarfi kamar turbo ya daina aiki, sau da yawa ba fitila. A 1.9 TDI ana auna shi da miligiram a kowane bugu, in an taka har ƙasa wajen 3000 ya kamata ya kai 800 ko sama. EGR da ta maƙale a buɗe tana sa lambar ta faɗi ko da abin lafiyarshi lau, a duba ta tukuna.

Bayan an ɗaura

Kwamfuta ta riga ta saba da ƙaryar tsohon, sai an goge mata. Goge lambobin da na'ura, in babu cire kan batir na mas na ƴan mintoci, amma ka tabbata rediyonka ba mai neman lambar sirri ba ce. Tada inji ba tare da taɓa totur ba ka bar shi ya yi zafi a ralanti kamar minti goma, sannan kunna kilim ya ɗan yi aiki da ita, in ralanti ya yi ɗan sama ko ƙasa a farko kada ka damu zai daidaita. Yi tafiyar kilomita 15 zuwa 20 mai haɗe da cikin gari da kwalta, zuwa Tibiri da dawowa ma ya isa, sannan a sake duba STFT da LTFT a ralanti da 2500, a maimaita gwajin giya ta biyu a kwatanta da lambar farko. P0171 da P0101 ba sa dawowa a tafiya ɗaya, sai kwamfuta ta ga laifin a tashi biyu a jere take kunna fitila, saboda haka sai an kwana biyu ana hawa kafin a ce an gama. In ta dawo kuma ƙarin mai a ralanti ne ya fi yawa, a nemi mai injin hayaƙi ya tura hayaƙi cikin kolektar a ga inda yake fita, gasket ɗin kolektar na Corolla mai 1ZZ sananne ne da wannan, musamman da sanyin safiya.